Ba A Fafe Gora Ran Tafiya: Yadda Ake Rubuta Ƙagaggen Labari Cikin Kwana 30

Gardamar ta taso ne a majalisarmu ta bayan isha'i, can wajen Ƙofar Soro, inda muke zama kan benci a gaban mai shayi. Wani ƙanen abokinmu da ke karatu a jami'a ya ce ya ji a Amurka akwai masu rubuta littafi sukutum cikin watan Nuwamba kaɗai. Dattijon majalisar, tsohon malamin Hausa da ya ajiye aiki, ya dire kofinsa ya ce, "Yaro, tuwon da aka tuƙa kafin ruwa ya tafasa ai gudaji ne." Aka kwashe da dariya. Yaron bai karaya ba, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, to Magana Jari Ce fa?"

Tambayar ta zauna, domin a nan Katsina Abubakar Imam yake koyarwa a Makarantar Midil lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933. A 1936 kuma aka ɗauke shi zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, cikin wata shida. Malam ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Wata shida ya yi yana rubutu. Shekara nawa ya yi yana karatu da sauraro kafin ya ɗauki alƙalamin?"

Abin da yaron ya ji gaskiya ne. Tun 1999 wasu suka fara wannan al'ada a Amurka: kalmomi 50,000 cikin kwana 30, wato kalma 1,667 a kullum. Abin da Malam ya faɗa ma gaskiya ne. Ni na gwada sau uku. Biyun farko suka mace a wajen babi na tara, na ukun ya kai gaci cikin kwana 32, kuma bambancin bai shafi saurin hannuna ba ko kaɗan, abin da na yi kafin in zauna ne ya sauya. Ga yadda na bi, ga kuma inda na yi tuntuɓe.

Mataki na farko: faɗi labarin da baki

Kafin ka sayi biro, nemi mutum ɗaya da ba ya jin nauyinka ka ba shi labarin cikin minti biyar. Mu mutanen tatsuniya ne, kunnenmu ya fi idonmu saurin gano labarin da ba shi da ƙashin baya. Idan ka fara da "wato jigon shi ne illar son zuciya a cikin al'umma," to ba ka da labari tukuna, wa'azi gare ka. Labari yana farawa ne da mutum: wane ne shi, me yake nema, me ya tare masa hanya, me zai rasa idan bai samu ba.

Ga nawa, yadda na faɗa wa yayata tana tankaɗe: wani tela a Ƙofar Marusa ya sayar da leshin lefen da aka kawo masa ɗinki don ya biya kuɗin aikin da za a yi wa mahaifiyarsa a asibiti, da niyyar mayarwa kafin biki. Sai aka matso da ranar bikin. Amaryar kuwa ita ce yarinyar da ya taɓa nema aka hana shi.

Yaya ta tsayar da rariyar ta ce, "To ita amaryar ta sani?" Wannan tambayar nake nema. Idan mai sauraro ya ce "Allah sarki, ya yi daɗi," ka koma ka sake tunani. Idan ya ce "sai aka yi yaya?" ko ya fara gardama da kai kan abin da ya kamata telan ya yi, ka kama bakin zaren.

A labarai biyun da suka mace mini ban yi wannan ba. Ina da yanayi, ina da kyawawan jimloli na buɗewa, amma da za a tsare ni a ce ina aka dosa, sai dai in yi ta kame-kame.

Mataki na biyu: san mutanenka, san unguwarsu

Ka ware mako guda don wannan, kuma kada ka sa shi cikin lissafin kwana 30. Littafin da za a rubuta da sauri ba ya ɗaukar taron jama'a. Manyan taurari uku ko huɗu sun isa, sai 'yan rakiya kamar shida. Kowanne ka ba shi shafi guda: shekarunsa, sana'arsa, abin da yake ɓoyewa, wanda yake jin tsoro, da wata ɗabi'a da za a gane shi da ita ko ba a ambaci sunansa ba. Telana yana tauna bakin zare idan zai yi ƙarya. Wannan ɗan abu ya cece ni daga sakin layi da yawa na bayanin abin da ke ransa.

Suna ma aiki yake yi. Idan ka ce Gambo, mai karatu ya san an haifi tagwaye kafin shi. Tanko ya biyo bayan mata, Auta shi ne na ƙarshe, Talatu ranar Talata ta zo duniya. Kalma ɗaya ta ba da tarihin gida. Ka kuma guji sunaye masu kama da juna, domin kai kanka za ka rikice a kwana na ashirin.

Sai wuri. Ka rubuta inda ƙafarka ta taka. Yawancin sabbin marubuta suna kwashe taurarinsu su kai su Abuja ko Dubai, cikin gidajen da su kansu a fim kawai suka gani, sai bayanin ya zama jerin sunayen motoci da turaruka. Alhali ga Katsina da ƙofofinta, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, ga hasumiyar Gobarau da lungunan da ke kewaye da ita, ga Daura da rijiyar Kusugu. Wurin da ka sani ba ya cin lokacinka, ka rufe ido kawai ka gan shi.

Ni sai da na yi yammaci uku a shagon wani tela. Nan na ga yadda yake maƙale allurai a bakin aljihun rigarsa, yadda yake rubuta awo da alli a jikin bango idan littafin awo ya ɓace, da irin kallon da yake yi wa ƙasa idan mai kaya ta shigo tana cewa, "Malam, yau dai ba zan tafi ba sai da ɗinkina." Na ji ƙaurin dutsen guga na gawayi, na ga tarin ƙyallaye ƙarƙashin keke. Babi huɗu suka fito daga waɗannan yammaci uku.

Mataki na uku: jera babi-babi, ka yi lissafi

Ɗauki takarda ka rubuta 1 zuwa 30. Gaban kowace lamba, jimla ɗaya tak, kuma jimlar ta ƙunshi abin da ya faru, ba abin da wani ya ji a ransa ba. "Tela ya shiga damuwa" ba babi ba ne. "Uwar ango ta aiko a karɓo leshin don a nuna wa dangi" babi ne.

Ka fara cike lamba ta 30, sannan ta 1, sannan ta 15. Ƙarshe shi ne alƙiblarka. Tsakiya kuma wajibi ne wani abu ya kife a can, abin da zai sa ba a iya komawa baya. A nawa, a babi na 15 ne amaryar ta gano, ta kuma zaɓi ta rufa masa asiri, wanda ya jefa ta cikin laifin ita ma. Da ka samu waɗannan turaku uku, sauran gurabun suna cikuwa da sauƙi. Idan wasu biyar ko shida suka ƙi cikuwa, bar su, hanya za ta nuna.

Lissafin ba wuya. Babi 30, kowanne kalma 1,500, ya ba ka 45,000, kuma wannan littafi ne mai kauri a kasuwarmu. Idan da hannu kake rubutu, ƙirga kalmomin shafinka guda. Nawa yana cin kamar 200, ke nan shafi bakwai da rabi a kullum. Idan ka ga ya yi maka yawa, yi 1,000 a kullum. Littafi mai kalma 30,000 da aka gama ya fi mai 80,000 da ke kwance cikin kai.

Mataki na huɗu: lokaci da kayan aiki

Zaɓi watan da hankali. Kada ka sa shi a goman ƙarshe na azumi, ko makon Sallah da hawanta, ko lokacin da gidanku ke da biki. Bazara ma ban ba ka shawara ba, zafin Afrilu a Katsina ba ya barin mutum ya haɗa jimla biyu da rana. Ni hunturu ya fi yi mini, dare da tsawo, gari shiru, ga shayi.

Sa'a biyu kake buƙata, kuma gara su zama iri ɗaya kullum. Nawa daga sallar asuba zuwa lokacin shirin makaranta ne. Yayata, da ta gwada bayana, tata sa'ar tana zuwa ne bayan yara sun tafi makaranta kafin a ɗora girkin rana, sai ta ƙarasa bayan isha'i. Ta ce abin da ya taimake ta shi ne ta faɗa wa maigidanta da kishiyarta tun farko cewa wata guda ne, ba har abada ba. Mutane suna iya haƙuri da abin da suka san ranar ƙarewarsa.

Idan a waya kake rubutu, sa allon rubutu na Hausa, Gboard yana da shi, don ka samu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tun daga farko. Komawa gyara ƙugiyoyi cikin kalma 45,000 azaba ce, kuma wanda ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa" ya san abin da nake faɗa. Rubuta a WPS ko Google Docs, kowane babi da fayil ɗinsa. Kowane dare ka tura babin ranar zuwa imel ɗinka. A gwajina na biyu wayata ta ɗauke, na kai wa mai gyara, ya wanke ta tas kafin in buɗe baki, babi takwas suka bi ruwa. Ban sake kwana ban tura ba. Ka tanadi abin cajin tafi-da-gidanka saboda ɗaukewar wuta, ka kashe data idan ka zauna.

Mataki na biyar: zaman kansa

Ina buɗe kowane zama da baiti guda na waƙa, 'yar ƙwar biyu, kan abin da zai faru a babin ranar. Minti biyar, ba ƙari. Ga na ranar da na rubuta babi na bakwai:

Allura kin suturta kowa,
Ke ko tsirara, babu damuwa.

Masana aruli za su sami abin cewa game da karinsa, ban kuwa sa shi cikin littafin ba. Amfaninsa shi ne neman amsa-amo yana tilasta wa kai ya zazzage rumbun kalmomi, kamar yadda makaɗi ke ɗaure tsarkiyar kalangu kafin a fara. Kuma waƙa tana koya wa mai zube rowa: ɗango, wato layi guda na baiti, ba ya ɗaukar kalmar banza. Sai dai a kula, kada taurarinka su koma magana da baitoci. Saurayin da ke yi wa budurwa jawabi mai shafi biyu cike da taurari da furanni ba a taɓa ganinsa a zauren kowa ba.

Mutane kan kawo misalin Mamman Shata, ɗan Musawa da ke kwance a Daura, wai shi nan take yake ƙaga waƙa. Haka ne, amma da amshi yake tafiya, 'yan amshi suna riƙe masa waƙar yayin da yake laluben ɗango na gaba. Jerin babinka shi ne amshinka. Duk lokacin da ka rasa abin cewa, koma ka dubi jimlar ranar.

Dokokin zaman kaɗan ne. Kada ka karanta abin da ka rubuta jiya, sai sakin layi na ƙarshe kawai don ka kama murya. Wannan ita ce dokar da ta fi wuya, ita ce kuma ta kashe gwajina na farko: na yi kwana shida ina goge babi na ɗaya har ya yi sheƙi, littafin bai taɓa kai gaci ba. Idan ka manta sunan wani ko kana buƙatar sanin kuɗin yadin leshi, sa alamar tambaya uku ka wuce, a bincika daga baya. Idan a babi na 12 ka gane telan ya kamata ya kasance yana da ƙane, rubuta a gefe "a sa ƙane tun babi na 2," ka ci gaba kamar da ma yana nan.

Kada ka tashi a inda ruwa ya ƙare maka. Tashi a tsakiyar zance, lokacin da ka san abin da za a ce gaba. Gobe da asuba, cikin sanyi da magagi, za ka gode wa kanka.

Hira ita ce dokin mai sauri, tana cin shafi, tana kuma tura labari. Amma a yanke gaisuwa. Mun san Bahaushe ba ya shiga gida sai ya tambayi kwana da gajiya da iyali, ba sai an rubuta duka ba kowane shigowa. "Bayan sun gaisa" ta wadatar, sai fa idan a cikin gaisuwar ne rikicin yake, kamar surukar da ta amsa "lafiya" ɗaya ta kau da kai. Bayanin mai ba da labari ya tafi da daidaitacciyar Hausa, bakin taurari kuwa a bar shi da ɗanɗanon gida. Tsohuwar Bakatsiniya ta ce "mi ya hwaru?" ko "ɗiyata ba ta tahiya ko'ina," nan take mai karatu ya ji ta. Kamar gishiri ne, a barbaɗa, kada a juye.

Inda jaki ke kwantawa

Tsakanin kwana na 10 da na 15 wani abu zai same ka. Za ka wayi gari ka tabbata labarin shirme ne, kuma wani sabon labari mai ban sha'awa zai zo yana yi maka fari da ido. Rubuta sabon a jimla biyu a bayan littafi ka rufe. Shi ma idan ka bi shi, a babi na tara zai tsufa.

Yawanci abin da ke jawo wannan shi ne ka tausaya wa tauraronka da yawa. Duba babi uku na baya a jerinka: me ya rasa a cikinsu? Idan babu, to ƙwace masa wani abu. Ni na sa mutumin da ya sayi leshin ya ba matarsa, ita kuma tana cikin 'yan rakiyar kai lefe. Daga nan alƙalami ya dawo da gudu.

Idan rana ta kuɓuce maka, rasuwa ko rashin lafiya ko baƙi, kada ka ce gobe sai 3,000. Raba bashin, ƙara 300 a kwana biyar. Kada dai a yi kwana biyu a jere ba a taɓa shi ba, muryar tana sanyi.

Akwai masu cewa gara a riƙa sakin babi kullum a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu su zama bulala. Yana aiki ga wasu, kuma marubuta mata da yawa sun gina suna ta haka. Ni ban yarda da shi ga littafin farko ba. Abin da ka saki ya fita hannunka, ba ka da damar komawa ka sa wancan ƙanen a babi na 2. Sannan masu sharhi za su fara tuƙa maka mota, wannan ta ce a kashe kishiya, waccan ta ce a aurar da wance ga wane, ka wayi gari labarin ya kai babi 90 ba ka san hanyar gida ba.

Bayan kwana 30

Abin da ke hannunka ɗanyen tubali ne, ba a kwana a cikinsa. Rufe shi mako biyu, ka karanta littattafan wasu, ka koma majalisa a yi ta musu. Sannan ka karanta naka daga farko zuwa ƙarshe cikin kwana biyu ba tare da gyara ko harafi ba, kana dai rubuta manyan ɓarakoki a gefe: wanda ya ɓace ba dalili, cikin da ya yi wata goma sha huɗu, damina da ta sauka ana tsakiyar hunturu. Gyara waɗannan tukuna, ka cike gurabun alamar tambaya. Jimla da ƙa'idar rubutu su ne na ƙarshe, don ba a yi wa ɗakin da za a rushe shafe.

A ƙa'idar rubutu, kurakuran da sauri ke haifarwa sanannu ne. "Yana," "tana," "suka," "muka" a haɗe suke. "Za ta," "za su," "ba ta," "ke nan" a rabe. "Gidansa" a haɗe, "ya ba shi" a rabe. Nemi malamin Hausa ya bi maka shi da jan biro, ka biya shi ko da na goro ne. Reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya na jiha ma wuri ne da za ka sami masu karanta maka. In bugawa za ka yi a takarda, lambar shaidar littafi, wato ISBN, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta.

Gwajin da na fi amincewa da shi dai karatu a bayyane ne. Na kai wa gwaggona nawa, ita ba ta karatun boko, na riƙa karanta mata babi biyu kullum bayan magariba tana jan carbi. A babi na 15 ta ajiye carbin ta ce, "Kai, wannan ɗiya ta jawo wa kanta." A babi na 19 da na 20 kuwa, waɗanda na fi alfahari da su saboda dogon tunanin da telan ya yi a bakin masallaci, na ɗaga kai na tarar tana gyangyaɗi. Na ce, "Gwaggo, in dakata?" Ta buɗe ido ta ce, "A'a, ɗan nan, ci gaba. Ka dai tashe ni in an zo wajen leshin."

Babin biyu suka koma shafi ɗaya da rabi.